Yadda Ake Kallon Kashin Ƙarshe na Zango a Fim ɗin Masu Farautar Shaiɗanu, da Yadda Ake Auna Shi

Duk wanda ya bi fim mai dogon zango na masu farautar shaiɗanu tun daga farkonsa ya san cewa kashin da ake rufe zango da shi dabam yake da sauran. A makonnin da suka gabace shi, jarumai kan shiga wani gari, su tarar da wani abu yana hallaka mutane, su binciko ko mene ne, su kashe shi, su kama hanya. A kashin ƙarshe kuwa, marubuta ne ke zuwa biyan bashin da suka kwashe watanni suna ci a wurin mai kallo, kuma kamar kowane mai biyan bashi, akwai wanda ke biya cif, akwai mai biya da ragi, akwai kuma wanda zai cika wuri da ƙara da walƙiya da hayaƙi domin a manta da cewa ana bin sa. Abin da wannan rubutu zai nuna shi ne yadda mai kallo zai shirya wa wannan kashi, da abin da zai sa wa ido yayin da yake kallo, domin ya iya bambance ƙarshen da aka gina da wanda aka liƙa. Misalan za su fito ne daga finafinan Amurka uku da suka daɗe da kammalawa, wato Supernatural da Buffy the Vampire Slayer da Angel, kuma babu makawa za a fasa ƙwai a kan yadda wasu zangunansu suka ƙare, saboda haka wanda bai kalle su ba ya san da wannan tun yanzu.

Shirin da ake yi kafin a kunna

Abu na farko shi ne kada ka yarda ɗoki ya sa ka tsallake kashi biyu ko uku da ke gab da na ƙarshe, domin sau da yawa labari ɗaya ne aka yanka gida biyu, kuma a can ne ake ɗana tarkon da zai kama a ƙarshe. Idan an daɗe da fara zangon har wasu abubuwa sun shige maka, ka koma ka sake kallon kashi na ɗaya, saboda a nan ne marubuta suka faɗi abin da zangon ya ƙunsa, ko da a lokacin ba ka lura ba. Sannan ka nisanci shafukan sada zumunta har sai ka gama. Ni kaina na taɓa yin asarar wani kashin ƙarshe da na yi makonni ina jira, ba don wani ya ba ni labari ba, sai don ɗan ƙaramin hoton da aka liƙa a kan wani bidiyo, inda aka nuna jarumin a kwance cikin jini. Daƙiƙa ɗaya ta ishe ni gane abin da ya faru.

Akwai kuma waiwayen da ake yi a farkon kashin, inda ake haɗa gutsattsarin abubuwan da suka wuce. A Supernatural wannan waiwaye ya zama al'adar shirin kansa, domin tun daga zango na biyu ake ɗora shi a kan wata waƙa ta ƙungiyar mawaƙa ta Kansas wadda ta fito a 1976, har masu kallo suka saba da cewa da sun ji ta, to zango ya zo ƙarshe. Amma ka sani cewa waiwaye yana tona asiri. Idan aka nuna maka fuskar wani da ba ka sake gani ba tun kashi na shida, ko wata wuƙa da aka ambata sau ɗaya aka wuce, to an gaya maka a fakaice cewa yau za su dawo. Wanda ke son mamaki ya tsallake shi. Wanda ke son auna aikin marubuta ya kalle shi da kyau, ya riƙe abin da aka nuna masa, ya ga ko za a yi amfani da shi.

Dokokin duniyar labarin

Kowane shiri irin wannan yana kafa wa kansa dokoki, kuma su ne ginshiƙin da komai ke tsaye a kai. Ya kamata a faɗa tun da wuri cewa waɗannan dokoki ƙagaggu ne, an tsinto su daga camfe-camfen Turai da Amurka da al'adun coci, marubuta suka ƙara nasu a kai, saboda haka ana karɓar su ne a matsayin ƙa'idojin wasa kawai, kamar yadda ake karɓar ƙa'idojin dara. A Supernatural, labarin wasu wa da ƙane, Dean da Sam, wanda Eric Kripke ya ƙirƙira kuma aka fara nunawa a 2005, shaiɗan ba ya iya ƙetare layin gishiri, ruwan da aka yi wa addu'ar coci yana ƙona shi, yana barin warin farar wuta a inda ya bi, idanun wanda ya shiga jikinsa kan koma baƙi ƙirin, kuma idan ya taka cikin wani zane da ake kira tarkon shaiɗan ba ya iya fita har sai an goge wani sashe na zanen. Kafin ka fara kallon kashin ƙarshe, ka lissafa wa kanka irin waɗannan dokoki na shirin da kake bi, ko da a zuci ne, domin da su za ka kama marubuci idan ya yi maguɗi.

Dubi yadda kashin ƙarshe na zangon farko, wanda aka nuna a watan Mayun 2006, ya yi aiki da dokarsa. Wata shaiɗaniya da ke cikin jikin wata budurwa mai suna Meg ta balle ƙofar gidan Bobby Singer, wani tsohon mafarauci abokin mahaifinsu, ta shigo tana taƙama, ba ta ankara ba sai Dean ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin, ita ma ta ɗaga nata, sai ga zanen tarkon a samanta. Har nan dai nasara ce ta wayo. Amma Bobby ya ja Dean gefe ya tuna masa cewa jikin da suke shirin fitar da shaiɗaniyar daga cikinsa na wata yarinya ce da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, kuma jikin ya riga ya kakkarye tun lokacin da ya faɗo daga bene, shaiɗaniyar ce kaɗai ke riƙe da shi. Aka karanta kalmomin Latin, baƙin hayaƙi ya fita, yarinyar ta yi musu godiya, ta cika a gabansu. Ba a karya doka ko ɗaya ba a wannan wuri. An dai matse dokar ne har ta fitar da wani abu mai ciwo da ke ƙunshe a cikinta tun farko. Irin wannan ne ya kamata ka nema.

Akasin haka shi ne ka ga an fito da wata sabuwar doka ana saura minti biyar a tashi: wani littafi da ba a taɓa ambata ba, ko wani ƙarfi da jarumi bai san yana da shi ba sai a daidai lokacin da wuƙa ta kai wuyansa. Akwai bambanci tsakanin wannan da keɓancewar da aka share wa fage. A wancan kashin dai, an yayyafa wa mahaifin jaruman ruwan coci domin a gwada ko akwai shaiɗan a jikinsa, bai yi masa komai ba, daga baya ta bayyana cewa babban mugun ne a cikinsa, mai rawayen idanu, wanda ya fi ƙarfin ruwan. A ganina wannan ba maguɗi ba ne, domin zangon ya shafe kashi 21 yana nuna cewa wannan shaiɗani ba sa'an sauran ba ne. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: da na tsaya na yi tunani, zan iya hango wannan daga abin da aka riga aka nuna mini? Idan amsar ita ce e, marubuci ya ci ka da gaskiya.

Ka riƙa ƙirga makami. Shirin da ya san abin da yake yi yakan ba jarumansa makami mai iyaka, domin makamin da ba ya ƙarewa yana kashe fargaba. Bindigar Colt ta Supernatural mai iya kashe shaiɗan, wadda a cikin labarin aka ce an ƙera ta a 1835 tare da harsasai 13, ta iso hannun jaruman ne da 'yan ƙalilan, kuma kowane harbi yana rage musu dama. Zangon farko ya ƙare saura harsashi ɗaya, kuma wannan ɗayan ne aka adana har ƙarshen zango na biyu, inda Dean ya harbe mai rawayen idanun da shi.

Abin da aka biya

Nan ne zuciyar al'amarin take, kuma nan ne ya kamata mai kallo ya fi natsuwa. Babban mugun zango, wanda masu kallo ke kira bos, kusan kullum faɗuwa zai yi ko ba daɗe ko ba jima, kuma kowa ya san haka, shi ya sa girman dodo da yawan siddabarun kwamfuta ba su isa a auna kashin ƙarshe da su ba. Abin da ba a sani ba shi ne abin da jarumi zai rasa kafin ya kai ga nasarar, da kuma ko shi ne da kansa zai zaɓi rasa shi. Saboda haka yayin da kake kallo, ka nemi daidai wurin da aka ajiye wa jarumi abu biyu da yake so, aka ce ya ɗauki ɗaya.

A zangon farko na Supernatural wurin shi ne ɗakin wata bukka, inda mahaifinsu John ya samu ya danne shaiɗanin da ke jikinsa na ɗan lokaci, yana roƙon Sam ya harbe shi a zuciya domin a kawo ƙarshen abin da suka kwashe shekara 22 suna nema, Dean kuma yana kwance cikin jini yana roƙon kada ya harba. Sam ya sauke bindigar, shaiɗanin ya tsere. A zango na biyu kuwa Sam ne aka kashe, Dean ya tafi mararraba ya sayar wa wata shaiɗaniya ransa domin a dawo da ƙanensa, kuma maimakon shekara goma da aka saba ba masu irin wannan ciniki, shi shekara ɗaya tak aka ba shi. Ka lura da cewa an kashe bos a wannan zango, amma ba wanda ya tashi daga gaban talabijin yana jin an huta. A Buffy, wadda aka yi daga 1997 zuwa 2003, zango na biyu ya ƙare ne da jarumar tana fafatawa da masoyinta Angel, wanda ya rasa ruhinsa ya koma mugu. Ruhin ya dawo masa a daidai lokacin da ƙofar halaka ta riga ta buɗe, kuma jininsa ne kaɗai zai rufe ta, saboda haka wanda ta soke da takobi masoyin nata ne na ainihi, wanda bai ma san abin da ke faruwa ba. Da an bar shi a mugunsa, da kisan ya zo mata da sauƙi, kuma da kashin bai kai inda ya kai ba.

Sannan ka duba da me aka ci nasarar. Misalin da na fi so shi ne ƙarshen zango na biyar na Supernatural, na watan Mayun 2010, wanda shi ne inda Kripke ya kammala labarin da ya tsara ya kuma sauka daga jagorancin shirin. Duk tsawon kashin ana katse labari ana ba da tarihin motar jaruman, baƙar Chevrolet Impala ƙirar 1967, har da ƙananan abubuwa irin ɗan sojan roba da Sam ya cusa a ma'ajiyar tokar sigari yana yaro ya maƙale. Mai kallo na iya ɗauka cewa cika lokaci ake yi. Sai ga shi a maƙabarta, Lusifa, wato Iblis na labarin, yana cikin jikin Sam, ya haɗa Dean da jikin motar yana dukansa har fuskarsa ta kumbura, ya ɗaga hannu zai kai na ƙarshe, hasken rana ya haska gilashin motar, idonsa ya faɗa kan ɗan sojan roban, rayuwarsu gaba ɗaya ta dawo wa Sam, ya ƙwace jikinsa na ɗan lokacin da ya ishe shi ya faɗa cikin ramin da zai kulle su duka. Yaƙin da aka yi shekara biyu ana yi wa shiri ya ƙare ne a kan abin wasan yara, kuma ya zauna daidai domin shirin tun asali a kan wa da ƙane yake, shaiɗanun hanya ce kawai ta matsa musu.

Ka riƙa duba agogo ma. Kashi ɗaya na irin waɗannan shirye-shirye na tashoshin Amurka yakan ɗauki kimanin minti 42 idan aka cire talla, kuma dabarar farko da jarumai suka ƙulla kusan kullum rushewa take yi wajen tsakiya. Idan ka ga bos ya faɗi da sauran minti goma, kada ka miƙe, akwai sauran rina a kaba.

Ƙarshen da ake barin mai kallo a rataye

Kusan kowane zango yana rufewa da wani abu da zai sa a dawo, kuma wannan ba laifi ba ne. Abin da za ka tantance shi ne ko ratayar ta fito daga cikin labarin ko daga waje aka jefo ta. Zangon farko na Supernatural ya ƙare da wata babbar mota da ta yi ciki da motar jaruman suna tsakiyar magana, aka bar su su uku cikin jini, allo ya yi baƙi. Ya girgiza mutane, amma a ma'aunina wannan ne mafi rauni a cikin misalan, domin haɗari zai iya faɗa wa kowa a kowane minti, ko da kuwa an nuna cewa shaiɗan ne a jikin direban. Zango na uku kuwa ya yi alkawarin mutuwar Dean tun daga ranar farko, masu kallo suka zauna suna jiran dabarar da za ta cece shi, agogo ya buga sha biyun dare, karnukan da ba a gani suka yayyaga shi, aka rufe da shi a rataye da ƙugiyoyi cikin azaba yana kiran sunan ƙanensa. Ba a ɓoye wa kowa komai ba, abin mamakin shi ne an cika alkawari.

Yana da amfani ka san abin da ke faruwa a bayan kyamara, domin yana bayyana abubuwa da yawa da za su ɗaure maka kai. A tsarin tashoshin Amurka zango kan fara a watan Satumba ko Oktoba ya ƙare a Mayu, kuma a Mayun ne tashoshi ke sanar da shirye-shiryen da za su ci gaba, wanda ke nufin sau da yawa ana rubuta kashin ƙarshe ba tare da an san ko akwai gobe ba. Zangon farko na Supernatural ya ƙare ne a shekarar da ake haɗe tashoshin WB da UPN su zama CW. Zango na uku ya tsaya a kashi 16 maimakon 22 saboda yajin aikin marubutan Amurka da aka fara a Nuwamban 2007 aka janye a Fabrairun 2008. Zangonsa na 15, na ƙarshe, annobar korona ce ta katse ɗaukarsa a 2020, sai daga baya aka koma aka ɗauki kashi biyun da suka rage, shirin ya rufe a Nuwamban shekarar da kashi 327. Angel kuwa an sanar da dakatar da shi a 2004 tun zango na biyar bai kammala ba, marubutansa suka rufe shi da jaruman da suka rage tsaye a wani lungu cikin ruwan sama, rundunar shaiɗanu ta tunkaro su, aka yanke a daidai sarar takobi ta farko. Wasu sun ji haushi, amma shirin da ya yi shekara biyar yana cewa yaƙi da mugunta ba ya ƙarewa ba shi da wurin tsayawa da ya fi nan. Sanin irin waɗannan dalilai ba ya wanke mummunan rubutu, sai dai yana taimaka maka ka ɗora laifi a inda ya dace.

Wani lokaci ma babban faɗan ba a kashin ƙarshe yake ba. Zango na huɗu na Buffy ya kashe bos ɗinsa a kashi na 21, ya ware na 22 gaba ɗaya ga mafarkan jarumai huɗu. Idan ka ci karo da irin wannan, kada ka auna shi da ma'aunin faɗa. Ka dubi abin da yake gaya maka game da halin da mutanen suka shiga bayan nasarar.

Hukunci ba ya kammala sai zango na gaba ya buɗe

A shirin da ake mutuwa ana dawowa, mutuwar jarumi ba ta da nauyi a karan kanta, nauyinta yana ga abin da dawowar ta jawo. Saboda haka ka jinkirta yanke hukunci na ƙarshe har ka ga kashin farko na zangon da ke biye, kuma idan zai yiwu ka bar kwana ɗaya ko biyu a tsakani, domin wanda ya danna na gaba nan take ya hana ƙarshen yin aikinsa a zuciyarsa; waɗanda suka kalla a talabijin wata huɗu suka yi suna jira. Buffy ta mutu a ƙarshen zango na biyar, a kashi na 100 na shirin, inda ta faɗa cikin ƙofar halaka a madadin ƙanwarta. Ƙawayenta da abokanta sun dawo da ita a zango na shida suna zaton daga azaba suka cece ta, ashe daga hutu suka fizgo ta, kuma ta shafe zangon gaba ɗaya tana fama da wannan. Dean ya fito daga kabari bayan wata huɗu, amma a can inda ya je shekara 40 ce ta wuce masa, kuma abin da ya aikata a can shi ne ya ɓalle na farko daga cikin hatiman da suka kulle Lusifa, wanda ya kai ga sakinsa. A duka biyun an dawo da jarumi, amma ba a yafe bashin ba.

Da wannan ma'auni ne haɗarin motar nan da na raina ya samu sassauci a wurina. Zango na biyu ya buɗe da Dean a gadon asibiti rai a hannun Allah, likitoci sun fara fitar da tsammani, sai John ya sauka ɗakin ƙasa na asibitin ya zana alama a daɓe ya kira shaiɗanin da ya kashe matarsa, ya miƙa masa bindigar da harsashin da ya rage, ya ƙara da ransa a kai. Dean ya farka, John ya raɗa masa wata magana a kunne, ya fita, kuma jim kaɗan Sam yana dawowa da kofin gahawa a hannu ya hango mahaifinsu a yashe a ƙasa.